Manajan Da Ba Ya Iya Riƙe Labari

Mai girma shugaban wannan taro, 'yan kwamitin gudanarwa, dattawan da suka kafa kulob ɗin nan tun ba mu da ko bencin zama, koci da mataimakansa, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan'uwana magoya baya masu ƙuri'a a hannu, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni makirufo, na kuma gode wa waɗanda suka rufe shagunansu suka zo. Ni yayan golanmu ne, golan da kuke kira Makulli, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake.

An tara mu ne don mu yanke hukunci ko za a tabbatar da Sarkin Sharhi a kujerar babban manaja bayan wa'adin gwajinsa. Ni na ce a'a, ga kuma dalilaina.

Da farko, kada wani ya ce na raina saninsa. Shekara da shekaru muna karanta shafinsa a jarida, muna musu a kansa a wurin mai shayi. Ya san ƙwallo, ya san tarihi, ya san wanda ya ci da ka da wanda ya ci da ƙafa tun kafin a haifi wasunmu. Kullum yana rubuta cewa da shi aka ba ƙungiyar nan, da an ga aiki. To, an ba shi, mun kuwa ga aiki!

Na biyu, ga abin da ya faru, don wasu rabi suka ji. Wata ƙungiya ta nemi ƙanena, mu kuma za ta ba mu ɗan wasan gabanta. Aka yi alkawari babu mai buɗe baki sai an sa hannu. Shi kansa Makulli ba a gaya masa ba tukuna. Sai tsohon abokin aikin manajanmu ya gayyace shi shirin wasanni a rediyo. Ana sa masa makirufo a gaba, tsohuwar cuta ta motsa. Da kunnena na ji shi yana cewa, “Wata majiya mai tushe ta tabbatar min Makulli zai sauya ƙungiya.” Wace majiya, jama'a? Kai ne majiyar! Kai ne tushen!

Ƙanena yana kan kujerar mai aski, an yi masa rabin kai, rediyo na kan kanta. Mai askin ya kashe inji ya ce, “Haba Makulli, ashe guduwa za ka yi ba ko sallama?” Haka ya fito da rabin aski, ya kira ni a waya.

Magoya bayan waccan ƙungiya suka tayar da ƙura, shugabanninsu suka janye, ciniki ya watse. Da aka tsare manajanmu da tambaya, maimakon ya yi shiru, sai ya koma rediyo ya wanke kansa. Ya ce ai dama golan ya fara rauni ta hannun hagu. Manaja ne fa yake tallar raunin golansa! Tun daga ranar duk wanda ya zo buga mana fanareti hagu yake nufa, wasu cikinku kuma, ina ganinku, kuka riƙa yi wa yaron ihu wai maci amana.

Na sami manajan a ofis na ce, “Malam, me ya kai ka?” Ya ce, “Yaya, labari ne babba, in ban faɗa ba wani zai riga ni.” Ya riga ka zuwa ina?

Na uku, ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Marubuci abincinsa faɗa, manaja kuwa rabin aikinsa haɗiyewa. Wanda ya yi rayuwarsa yana tseren ya riga kowa sanarwa ba zai koyi kame baki don an sauya masa kujera ba. Wataƙila akwai marubucin da zai iya, ban musa ba. Wannan dai mun gwada shi, kuma a jikin ɗan'uwana aka yi gwajin. Ya koma ga alƙalaminsa, wallahi ni zan fara sayen jaridar.

Yau da safe Makulli ya ajiye safar hannunsa a gabana ya ce, “Yaya, gobe in je atisaye, ko in haƙura da ƙwallo?” Na ce ya jira in dawo daga taro. Yana gida yanzu da matarsa da jaririyarsu, yana jira. Amsar da zan kai masa tana hannunku.

Allah ya ba mu ikon yin adalci, Allah ya rufa wa 'yan wasanmu asiri, ya ɗaga kulob ɗinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.