Ciyawar da Muka Ƙirga a Kan Bukkar Inno

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Shugaban wannan taro, Alhaji Mani. Ranka ya daɗe Hakimi. Dagacin Runka da masu unguwanninsa. Allah gafarta Malam Liman. Ardo Daudu da jama'arsa. Sarkin Noma da Sarkin Fawa. Iyayena mata da ke gindin tsamiya. Mutanen Safana da baƙinmu na Wagini: assalamu alaikum.

Na gode da kuka bar girbi kuka zo, na kuma gode da kuka ajiye sandunanku a bakin fili kamar yadda Dagaci ya roƙa. Ni ne Sada, malamin daji na nan Runka, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Takardu biyu suka tara mu. Ɗaya ta ce a kawo shanu dubu biyar daga wasu gundumomi su yi kiwo a dajin nan, domin ciyawa ta yi masa yawa. Ɗaya ta ce a fitar da kowace saniya daga dajin nan, domin ba shi da ciyawa ko tsinke. Dukansu suna da hatimi, dukansu suna aiki, kuma dukansu da hannuna a ciki.

Abu na farko, yadda ake awon. Bayan farin da aka yi a shekarar saba'in da uku aka aiko mana Malam Hamidu, sabon fitowa daga jami'a, da littafi da taswira. An riga an ɗiga wani wuri a taswirar tun daga birni. Nan za mu kafa turaku huɗu, taku hamsin tsakanin kowane biyu, mu auna kaurin kowace bishiya daidai ƙirji, mu auna tsawonta da gora. Ciyawa kuwa akwai firam ɗinta, katako ne mai kusurwa huɗu kamar bakin taga. Mutum zai juya baya ya jefa shi ta kan kafaɗa, inda ya faɗi a ƙirga abin da ke ciki, a yanke, a ɗora a sikeli. Ba a zaɓar wuri, ba a sake jifa, domin ido yana da son kai.

Abu na biyu, abin da ya faru. Da muka isa inda taswira ta nuna, sai muka tarar rugar Ardo Daudu ta sauka a kai. Malam Hamidu ya ce taswira ta riga ruga zuwa. Muka kafa turaku. Manu leburanmu, wanda kun san shi a fagen kokawa, ya juya baya ya jefa. Firam ya tashi, ya wuce garke, ya wuce aduwa, ya sauka a ƙoƙuwar bukkar Inno, mahaifiyar Ardo.

Na ce, "Malam, a sake." Ya buɗe littafi ya nuna mini layin da yatsa, ya ce, "Malam Sada, ka ga inda aka ce ban da bukka?" Ban gani ba. Muka ari tsani muka hau.

Inno ta fito da ludayi a hannu, ta ce, "'Ya'yan nan, me kuka ɓatar a kan ɗakina?" Malam Hamidu ya ce, "Ciyawar gwamnati muke ƙirgawa, Inna." Ta ce, "Wannan daga Wagini aka kawo mini ita a jaki." Ya ce littafi bai tambayi asali ba.

Tsinke dubu huɗu da ɗari uku muka samu. Muka yanke, muka auna, muka bar wa baiwar Allah taga a saman ɗaki. A birni aka ɗauki wannan lissafi aka ninka shi da faɗin dajin gaba ɗaya. Daga nan takarda ta farko ta fito.

Na rubuta gyara sau uku. Amsa ta zo cewa ba a gyara jifa, sai dai a koma wurin nan daidai shekara mai zuwa a ga abin da ya canza. Bara muka koma. Inno ta tashi, ta tafi da bukkarta, ta bar ƙasa fes, sai sawun tsintsiya. Muka ajiye firam, muka rubuta sifili. A birni aka ninka sifili da faɗin dajin. Wannan ita ce takarda ta biyu, har da yabo a gare ni da na gano hamada da wuri.

Jama'a, ba abin dariya ba ne. Idan shanu dubu biyar suka shigo, naku ba za su ga damina ba. Idan aka fitar da naku, ban san inda za ku kai su ba.

Abu na uku, roƙona. Na je birni da kaina, na kwana huɗu a kan benci, har aka yarda a yi jifa talatin ranar Alhamis, a soke takardun biyu, a yi aiki da abin da aka samu. Saboda haka wanda ya cire turkenmu ya ɗaure jaki, ya mayar, ba zan tambayi suna ba. Kada a shanya gero a wurin, kada a jingine zana, kada a share, kada kuma wani mai ƙaunarmu ya je ya dasa ciyawa don ya taimaka. Masu zuwa kallo su cire malafa. Inno kuwa, na san kina ji na, shucinki yana kaina, ni zan hau in ɗinke da hannuna.

Allah Ya ja zamanin Hakimi. Allah Ya albarkaci gonakinmu da garkunanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah Ya sassauta hannun Manu, Ya sa duk talatin ɗin su faɗi a ƙasa.

Na gode.