Gonar Bareyi da Lambuna

Harlan, ɗana, kai da ba ka nan, da kai zan fara, don kai ka tuƙa taraktar da ta nome gonar bareyin nan. Na bar ka gadin lambu, in na koma sai ka ji sauran.

Yallaɓai shugaban ƙungiyar mafarauta, Mista Odell, Fasto Lemuel da ya ba mu aron zauren coci, dattawa, matan da suka kawo gasasshiyar kaza, da sauran jama'a, barkanku da yamma. Na gode da kuka bar ni na tsaya. Ni Lurleen ce, gidana ne na ƙarshe kafin rafi. Ban yi nisa a makaranta ba, don haka yadda nake magana a kicin haka zan yi muku.

Na farko, ba ni da rigima da gonar da kuka yi wa bareyi. Kun shuka musu waken suya don su yi ƙiba, ƙahonsu ya yi kyau, lokacin farauta ya zo ku same su a kusa. Marigayi mijina ma ya yi farauta. Naman ma ina ci.

Na biyu, wurin ne kuka kuskure. Bareyin nan a kurmin bakin rafi suke kwanciya da rana. Ku kuma kuka kai gonar can bayan gidana, saboda nan ne motocinku ke iya shiga. Kwanciya a gabas, abinci a yamma, lambuna a tsakiya. Barewa ba ta ratsa fili, gefen itatuwa take bi, gefen itatuwan nan kuwa shi ne shingena.

Na uku, gonar ta yi musu kaɗan. Waken bai kai tsawon yatsa ba suka aske shi. Yunwa ba ta tafi ba, hanya kuma sun riga sun sani. Suka faɗa lambuna, suka fara da ganyen dankali, suka koma wake, yanzu suna kan kuɓewa. Wannan lambun shi nake dafawa in cika kwalabe, shi jikokina ke ci har sanyi ya wuce. Kuɓewar ce kawai ta rage.

Na gaya wa Virgil, ƙanin shugaba. Ya ce, "Haba Inna, barewa ai ba ta cin kuɓewa." Na ce, "To kai ne kake zuwa da asuba kana yi mini kiwo? Don sawun kofato na gani." Ya ce, "Ki yi haƙuri zuwa Nuwamba, lokacin farauta, za mu rage miki su." Na ce, "Virgil, a Nuwamba me zan zuba a tukunya, haƙurin?"

Roƙona ɗaya ne. Shukar alkama da za ku yi wa bareyin nan gaba, ku kai ta bakin kurmin, doguwa siririya, su tashi daga barci su tarar da ita a gabansu. Ku yanke yau, don dab da faɗuwar rana suke fitowa, kamar yanzu, shi ya sa na...

Wa ke buga ƙofa? Fasto, a buɗe masa.

Harlan? Kai ne? To wa ka bari a lambun?

Allah ya albarkaci taron nan, ya kai kowa gida lafiya. Ba ni makullin motar. Na gode.