Mai Gida Ya Kulle Mana Ɗakin Zama

Salamu alaikum Hajiya mai gabatarwa. Sani tela ne daga unguwar Briqueterie a Yawunde.

Ranar da 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar garinmu, a gabana ƙanena Habu ya faɗi. Na gudo Yawunde, amma ko moto, wato babur, ya yi ƙara sai in shige ƙarƙashin keken ɗinki. Mu takwas da muka tsira muna zama duk Laraba da wata likita a ɗakin wani gida a unguwarmu, kowa ya faɗi abin da ke cinsa. A nan na fara iya ambaton sunan Habu.

Jiya mai gidan ya kulle ɗakin, ya ce, "Ba za a tara min mahaukata ba."

Wallahi raina ya ɓaci, Hajiya. Mu ba mahaukata ba ne. Masu sauraro, wa zai ara mana zaurensa?