Cokali Huɗu, a Shafe

A wata rumfar kayan shayi a kasuwar Kura, wani dattijo da taɓon gona a ƙafarsa ya tsaya yana jujjuya ƙullin garin kwanfulawa.

Ya ce da mai rumfar, "Hajiya, giram talatin cokali nawa ne? A asibiti aka ce a ƙara wa kunu kauri da shi, ni kuwa sikelina na buhun shinkafa ne."

"Babban cokali huɗu, a shafe. Kai Malam, ina ruwanka da cokali? Miƙa wa uwargida mana."



"Ita zan dama wa. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, ko ruwa ta sha sai ta ƙware."

Mai rumfar ta ɗebo cokali guda, ta shafe da yatsa. "Ka gani?"

"Sake nuna min, Hajiya. A hankali."