Robar da Ta Kusa Dafa Baba

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Umaru ne daga Kebbe, farin ciki ya sa ni rubuto muku.

Tun shekarar samun mulkin kai mahaifina, malamin unguwarmu, ya daina iya riƙe fitsari. Bana na sayo masa shimfiɗar roba a kasuwar Tambuwal don kada katifa ta jiƙe. Katifa ta tsira, amma bayansa ya saɓule, ya yi gyambo. Saboda kunyar wari ya hana ɗalibansa shigowa.

Rannan ya daka mini tsawa: "Umaru, katifa ta haife ka? Ɗauke wagga roba, dahuwa nika yi!"

Na mai da shi gadon kara, na zuba yashi a ƙarƙashi. Da zane ya jiƙe sai in canja, in wanke jikinsa da ruwan ɗumi, in tsane, in shafa man kaɗe, ina juya shi akai-akai.

Jama'ar Arewa, gyambon ya rufe. Ku kula da fatar tsofaffinku, shimfiɗa tana wankuwa.

Ina gaida ɗaliban Baba na Sanyinna. Ya ce ku dawo da littattafanku, kuma bai manta inda kowa ya tsaya ba.