Iskar Dutsen Mambila Ba Tawa Ba Ce

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ƙanena Bitrus ya ƙwace mini wuri. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma shi ya yi mini haka.

Ikilisiyarmu ta nan gefen Makoda za ta aika mutum ya kula da gonar masu bishara a kan dutsen Mambila. Sunana aka fara kira. Bitrus ya miƙe a gaban dattawa ya ce, "Yaya Dauda fa ba shi da huhu. Ƙurar injin niƙa ta cinye shi." Aka ba shi, ni aka ce in zauna.

Sai ya riƙa turo hotuna a waya. Ciyawa shar, shanu manya-manya, shi cikin rigar sanyi yana washe baki. Ni kuwa ina bakin inji ina tari. Kowane hoto sai ya ƙara mini haushi.

Mu nan mun taso muna jin cewa iskar kan dutse magani ce. Na ce ashe har maganina yaron nan ya tafi da shi! Na hau mota zuwa dutsen ban yi wa kowa sallama ba.

Tun muna hawa ƙirjina ya fara ɗaurewa. Ina sauka daga mota na durƙushe. Ina jan iska, kamar babu komai a cikinta! Leɓɓana suka yi baƙi. A ƙaramin asibitin da ke kan dutsen nas ta sa mini robar iska a hanci, ta ce, "Baba, wa ya kawo ka nan? Iskar sama ba ta da ƙarfi irin ta ƙasa. Mai lafiya ma haki yake yi, balle huhu irin naka."

Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, ba ni numfashi ɗaya." Ya ba ni. Na roƙi wani, ya ƙara mini. Da aka gangaro da ni gindin dutsen, ƙirjina ya buɗe. Haleluya!

Tarin bai tafi ba, amma ga ni tsaye. Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, shi ke riƙe da numfashinku.

Bitrus ya biyo ni gida yana cewa, "Ai na faɗa, Yaya."

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Gaskiya ka faɗa, amma ba don ni ka faɗa ba, don kanka ne. Na yafe maka saboda Yesu. Riƙe dutsenka. Amma kada ka ƙara turo mini hoto."