Funfuna a Jini

A bencin masu jiran magani na wani asibiti a Jos, wani dattijo ya juya ga matar da ke gefensa.

"Madam, wa kike jinya?"

"Mijina Livinus ne, Baba. Kansar jini. Yanzu kuma likita ya ce funfuna ta shiga jininsa."

"Funfuna? Burodi kika aura?"

"Maganin kansar ne ya karya garkuwar jikinsa. Sati biyu za a yi ana sa masa magani cikin ƙarin ruwa."

"Ashe dangin ƙyasbi ne! Je ki kasuwar Taminus ki sayi man shafawa. Likitocin nan, in ba su soka wa mutum allura ba, abinci ba ya yi musu daɗi."

"To, ta ina zan shafa wa jini mai? Ta hanci?"

"Yi dariyarki. Da suka faɗi haka a kan ɗana Badruddeen, gida na mai da shi, na haɗa masa magani da hannuna."

"Ya warke?"

Dattijon ya gyara hularsa.

"Kwana huɗu muka yi, zazzaɓi ya ƙi sauka. Yanzu yana nan a hawa na sama, gado na shida. Madam, duba mini takardar nan. Irin maganin mijinki suka rubuta?"